Skariya da Fuskar da Aka Hana Kallo

Skariya mai fenti ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, kuma don ya mutu ba za a canza wannan magana ba. Gajere ne, ramamme, ga baki kamar reza. In ka gaishe shi ya amsa maka ta hanci, in ba ka gaishe shi ba ya ƙullace ka shekara goma. Amma duk faɗin Manjakara, daga bakin kogi har gonakin roba na kan tudu, babu mai hannu irin nasa, kuma wannan ɗin ne ya fi ci wa mutanen garinmu tuwo a ƙwarya. Da mugu ne kawai, da an huta. Da gwani ne kawai, da an yi alfahari da shi. Sai ya haɗa biyun.

Abu ɗaya ya mallaka da zai iya ba da ransa a kai, shi ne akwatin buroshin kakansa. Kakan nan, Kora masassaƙi, shi ya sassaƙa mutum-mutumin Mala'ika Mika'ilu da ke cocinmu, mai tsawon mutum, mashi a hannu, ƙafa a kan ƙirjin Shaiɗan. Tun daga ranar aka kafa doka: ba mai taɓa sassaƙen nan sai wanda akwatin ke hannunsa. Ko Fada, limamin cocin, sai dai ya yayyafa ruwa mai tsarki daga nesa. Kowace shekara, mako guda kafin idin Mika'ilu, mai akwati zai bar nama da kifi kwana uku, ya hau tsani ya sabunta fentin mala'ikan da hannun dama, daga sama zuwa ƙasa, idanu a ƙarshe. Shi kuwa na ƙasan ba a ɓata masa fenti. Baƙin hayaƙin fitila ake kwaɓawa da man kwakwa, a dangwala tsumma da hannun hagu, a juya fuska ga bango, a shafe shi ba tare da an kalla ba. Haka Kora ya yi, haka ɗansa ya yi, har na ƙasan ya zama wani baƙin dunƙule mai ƙahoni biyu wanda uwaye ke tsorata yara da shi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a faɗa wa na waje. In ɗan gidan Kora zai zana mala'ika, ko a bango ko a takarda, dogayen gashin fiffiken dama bakwai ne, na hagu shida. Kora ya ce abin da hannun mutum ya yi bai kamata ya cika ba, cika ta Allah ce. Pothen, yayan Skariya, ya sha duka a kan gashin nan har ya gode Allah. Yaro ne mai kan lissafi, ya ƙi yarda a ce dama da hagu ba daidai suke ba. Kullum sai ya zana bakwai da bakwai, kullum uban ya sauke masa sandar motsa fenti a bayan hannu. Skariya, wanda Pothen ya girma da shekara shida, yana gefe yana zana tsuntsu da gawayi yana ƙyalƙyala dariya. Daga nan ƙiyayyar ta samo asali, ba daga rabon gado ba kamar yadda ake faɗa.

Ranar da uban zai cika, ya sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Pothen har ya miƙa hannu. Tsohon ya ce, "A ba wa ƙaramin." Pothen ya janye hannun, ya goge shi a zanen da ke ƙugunsa, ya fita. Gonar roba ta faɗa hannunsa, ya yi arziki, ya ajiye tumbi, ya zama shugaban dattawan coci, shi ke tafiya gaba da babbar laima ranar idi. Duk da haka in ya ga ƙaninsa bisa tsanin nan, sai ya yamutsa fuska kamar ya tauna maɗaci. Shinge ɗaya ya raba gidajensu, kuma shekara da shekaru ba abin da ke tsallake shingen sai zagi da kaji.

Aikin mako guda a coci ba ya ciyar da gida. Skariya na rubuta sunayen shaguna, yana zana furanni a jikin manyan motoci da kwale-kwale, sannan duk wata ya hau bas zuwa birnin Kottayam wurin wani mai ƙaramar maɗaba'a, Chandy, wanda ke buga tarihin tsarkaka cikin zane don yaran makarantar Lahadi. Gida-gida ake raba shafi, kowane tsarkakke da maganarsa a cikin da'ira bisa kansa. Skariya ya tsani aikin nan. Ya ce duk fuskokinsu ɗaya, kamar wainar da aka juye daga tanda guda. Matarsa Rahel, 'yar wani masunci wadda Allah ya yi wa haƙurin zama da shi, takan ce, "Wainar dai ita ke sa mana rogo da kifi a faranti, Baban Ammini. Ka zana ka yi shiru."

Yana da shekara arba'in da shida aka yi babbar ambaliya. Kogi ya shigo gari ya yi kwana huɗu, ya shiga coci har ya kai wa mala'ikan gwiwa. Da ruwa ya janye, Fada Eapen ya aika a kira mai akwati ya duba ɓarna. Skariya ya shiga da hantsi, taɓo har idon sawu, cocin sai ƙarnin kifi yake. Ya durƙusa, ya juya fuska ga bango yadda ya saba, ya kai hannun hagu. Baƙin shekara saba'in ya jiƙa ya yi laushi, yana taɓawa ya saɓule. Ƙahonin ma suka faɗo, ashe baƙin ne ya taru, ba katako ba ne. Sai yatsunsa suka sauka a kan hanci. Hanci ne miƙaƙƙe, siriri, hancin da ya sani, don shekara goma sha tara ke nan yana bin irinsa da buroshi.

Ya juyo ya kalla.

Fuskar Mika'ilu ce. Ba kama ba, ita ce: goshin, leɓen, ɗan ramin haɓar. Kora ya sassaƙa fuska ɗaya sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na ƙasan ba haƙora yake fitarwa ba, sama yake kallo. Hannun da kowa ya ɗauka farata ne masu neman yagar ƙafar mala'ika kuwa, riƙe yake da idon sawun, irin riƙon da mai nutsewa ke yi wa gefen kwale-kwale. Skariya ya zauna cikin taɓon nan har aka buga ƙararrawar tsakar rana. Tsoro ya kama shi, da tausayi, da haushin kakansa da ya mutu bai ce wa kowa uffan ba. Daga baya ya kwaɓa sabon baƙi ya rufe fuskar, ya mulmula ƙahoni ya manna, ya gaya wa Fada ba wata ɓarna.

A gida ya ture abinci. Rahel ta ce, "Me ya same ka? Kifin ne bai yi ba?"

"Yaushe kifinki ya taɓa yi? Ba ni takarda."

"Ta Chandy? Ai ka gama aikin wannan watan."

"Takarda na ce ki ba ni, ba wa'azi ba."

Wata biyu bayan nan ya dire shafi talatin da biyu a teburin Chandy. Labarin mala'ikan da aka jefo daga sama ne, amma ba wuta ya faɗa ba. Cikin gonar shinkafa ya faɗo, irin tamu, fukafukai a karye. Ya ɗaure su ƙarƙashin riga ya kama sana'ar fito, yana ƙetarar da mata masu tallar kifi da 'yan makaranta. Kowace shekara sai a aiko abokin tagwaicinsa ya take shi. Kafin a yi takun, sai su zauna a bakin ruwa su ci rogo da kifi a faranti ɗaya, ba mai cewa komai, sannan wannan ya kwanta wancan ya ɗora ƙafa.

Chandy ya karanta a tsaye, ya koma ya zauna ya sake karantawa. Ya ce, "Kai, Skariya! So kake a ƙone ni da injina?"

"In tsoro kake ji ba ni kayana. Akwai maɗaba'a a ƙetaren titi."

"Wa ya ce tsoro nake ji? Cewa na yi za a ƙone ni. Amma kafin a ƙone ɗin za a saya. Sunanka dai ba zai hau ba."

"Da ma wa ya ce a sa?"

Aka buga da sunan ƙarya, Mai Fito. Aka kai tashoshin bas ana rataye shi da igiya tsakanin mujallun fim. Ɗaliban kwaleji suka yi masa rubdugu, direbobi na karantawa a naɗe cikin jarida. Littafi na biyu ya fito, na uku ya fito, har na tara. Skariya ya ƙara wasu mala'ikun: wanda ya gaji da kai saƙo, da wanda ya faɗo bisa kuskure don yana tsaye kusa da masu laifi. Fada Eapen ya hau mumbari Lahadi uku a jere yana tsine wa littafin da wanda ya zana shi, ya ce hannun sai ya bushe. Skariya na layi na uku, ya harɗe hannun da ake tsine wa a ƙirji, yana gyaɗa kai har da cewa amin. Allah na gani, ya fi jin daɗin waɗannan Lahadi uku a kan ranar aurensa.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata safiya Pothen ya kama wani mai tsagar roba a gonarsa ya jingina da bishiya yana karatu maimakon aiki. Ya fizge littafin, ya nufi ɗakin hayaƙi inda ake busar da roba zai jefa a wuta. Iska ta buɗe shafin tsakiya, inda mala'ikan ke saukowa da fukafukai a buɗe. Pothen bai yi niyyar ƙirgawa ba, idonsa ne ya ƙirga da kansa. Bakwai a dama, shida a hagu. Ya buɗe wani shafin, haka. Ya buɗe wani, haka. Skariya ya ɓoye sunansa, ya canza salon rubutunsa, ya yi duk wata dabara, amma hannun da aka hora tun yarinta bai san yadda ake zana bakwai da bakwai ba.

Pothen ya tarar da ƙanin nasa a bakin shinge yana wanke buroshi.

"Mai Fito, an tashi lafiya?"

Skariya bai ɗago ba. "Yaya, in kazarka ce ta ɓata, duba cikin tumbinka."

"Bakwai da shida," in ji Pothen, ya ɗaga littafin sama da shingen. "Bakwai da shida, ɗan gaban goshin Baba. Har yau tabon abin nan na bayan hannuna. Kana tsammanin zan manta?"

"Ashe dukan ya yi rana. Ka iya ƙirga, zanen ne dai Allah bai ba ka ba."

"Yi dariyarka. Kana cin abincin Mika'ilu kana yi wa Shaiɗan kwalliya. Na rantse da kabarin Baba, akwatin nan ya gama kwana a gidanka."

"Ka karɓa ka yi me da shi? Kaji su yi maka ƙwai a ciki?"

Pothen ya tofo yawu ta saman shingen, ya sauka dab da ƙafar ƙaninsa.

Lahadi bayan sujada aka zauna taron ikkilisiya, wato jama'ar cocin, a barandar coci. Mutanen garinmu ba sa zuwa taro in maganar gyaran rufi ce, amma ranar har masu ciwon gwiwa sun rarrafo. Duk wanda Skariya ya taɓa yi wa rashin mutunci, wato kusan kowa, ya samu ranar ramuwa. Wani ya ce a kore shi daga coci. Wani ya ce kada a binne shi a maƙabartarmu. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne mai shagon bammi, alhali duk gari an san littattafan nan tara suna ƙarƙashin kantarsa, shi ke ara wa mashaya. Tir da halin mutanenmu!

Fada Eapen ya ɗaga hannu aka yi tsit. Mutum ne mai sanyin murya, irin sanyin da ya fi tsawa ban tsoro. Ya ce, "Skariya, ɗana, kai ka zana?"

"Ni na zana, Fada."

"Wa ya sa maka a zuciya ka ba maƙiyin Allah fuskar mala'ikan Allah?"

"Kakana. Abin na nan ciki, ƙarƙashin baƙin. Wanda bai yarda ba ya tashi ya kankare ya gani."

Wurin ya kaure da hayaniya. Pothen ya miƙe yana nuna shi da yatsa. "Kun ji da kunnenku! Ya kalla! Ya karya dokar gidanmu, ga shi kuma yana ɗora wa matacce ƙarya!"

"To tashi ka kankare mana, Yaya. Au, na manta, kai ba a ba ka izinin taɓawa ba."

Da ba a rirriƙe Pothen ba, da an yi abin kunya a ƙofar coci. Hukuncin da aka yanke shi ne akwatin ya koma ɗakin Fada, Skariya ya daina zana littattafan, ranar shafa baƙi kuma ya yi a gaban jama'a, fuska ga bango, don kowa ya shaida ya tuba. In ya yi, a mayar masa da akwatinsa. Ya ce ya yarda. Rahel ta san mijinta. Da ta ji yadda ya faɗi "na yarda" ɗin nan, ta gane akwai abin da ya ƙulla.

Ranar ta zo, coci ya cika maƙil da tsakar rana. Skariya ya durƙusa da kwanonsa da tsummansa. Na gaba-gaba ne suka fara jin warin: ba man kwakwa ba ne a kwanon, kananzir ne. Bai juya ga bango ba. Ya kafe baƙin dunƙulen da ido ya shiga gogewa da hannun dama, kuma ba wanda ya iya hana shi, don ba mai ƙarfin halin matsawa kusa da abin da ba a taɓawa. Baƙin na bara ne, bai yi kauri ba. Ƙahoni suka faɗi. Goshi ya fito, hanci ya fito, idanu suka fito suna kallon sama.

Ya miƙe ya ce, "Ga ƙaryar da na ɗora wa matacce. Ku kalla ku ƙoshi."

Ya zaci za su yi shiru su ji kunya. A nan wayonsa ya ƙare, don mutanenmu in ka ƙure su a bainar jama'a ba kunya suke ji ba, haushi suke ji. Mata suka rufe idon 'ya'yansu. Maza suka yi ta ihu a fitar da shi, aka kuwa fitar da shi, wani ya yaga masa riga, wani ya jefe shi da takalmi. Amma cikin hayaniyar nan wata tsohuwa mai raunin gani ta matso, ta ga kyakkyawar fuska, ta durƙusa ta yi alamar gicciye. Fada Eapen ya gan ta. Washegari ya tarar da kyandir uku a kunne a ƙasa, daidai fuskar, ba a wurin da ake kunna wa mala'ika ba. Kwana ɗaya bayan nan suka zama goma sha ɗaya.

Daga nan magana ta wuce ta shafa baƙi, tunda an ga baƙi ana wanke shi. Dattawa suka ce fuskar ce za ta tafi gaba ɗaya. Pothen da kansa ya kawo saƙon, karo na farko da ya taka tsakar gidan ƙaninsa tun rasuwar ubansu. Bai zauna ba, ba a kuma ba shi kujera ba.

Ya ce, "Akwai wani kafinta a Kottayam mai zarton lantarki. Ba ɗan cocinmu ba ne, dokar Kora ba ta dame shi ba. Jibi zai zo ya yanke na ƙasan duka. Ya ce ba zai yi rantsuwa ƙafar mala'ikan za ta tsira ba, don katako ɗaya ne. Fenti kuma yana da mutanensa, masu feshi. Akwatin sai a sa shi a gilashi a ajiye."

"Masu feshi," in ji Skariya. "Irin na motoci."

"Ko kuma ka zo da gizagon Kora ka share fuskar da hannunka, a gaban mutane. In ka yi, akwatin naka ne har ka mutu, Fada ya yi alkawari. Dabara ta rage ga mai shiga rijiya."

"Wannan shawarar taka ce, Yaya, ko ta Fada?"

"Tawa ce," in ji Pothen yana murmushi. "Na ce musu ai ba mai hannu irin naka."

Bayan ya fita, Rahel ta ci gaba da ɓare rogo. Can ta ce, "Shekara saba'in tana kwance lafiya ƙarƙashin baƙinta, ba wanda ya dame ta. Kana ganin tsohon nan bai san halin mutanen garinsa ba ne da ya ce a juya ga bango?"

"Rufe mini baki."

"Zan rufe. Amma kai ka tone ta, Baban Ammini, don ka ƙure Yaya. Ba Fada ba ne, ba Yaya ba ne, kai ne."

Ya ɗauki kofin shayi ya maka da bango. Bai dai ce ƙarya take yi ba.

Ya yi tunanin ya bar musu akwatin. Chandy ya aiko cewa ana ta tambayar na goma, kuma tunda asiri ya tonu a sa sunansa ma da manyan baƙaƙe. Amma in Skariya ya rufe ido, sai ya ga wani ɗan birni da bututun feshi a gaban Mika'ilu, yana watsa masa fenti a ido, ga ƙafa a guntule. Fuskar ƙasan ta riga ta mutu ko ta wace hanya aka bi. Abin da ya rage shi ne hannun wa zai yi, da kuma ko za a bar masa ta saman. In ba akwatin nan, shi ba kowa ba ne face mai rubuta "Shagon Shayi" a jikin allo, kuma ya san da haka sarai.

Ranar da aka tsayar ya zo da hantsi, gizago a naɗe cikin tawul. Jama'a ta fi ta rannan yawa. Ya durƙusa, ya ƙare wa fuskar kallo, ya ɗora yatsa a ramin haɓar ya ɗauke. Sara na farko a goshi ya sauka. Katakon tsoho ne, busasshe, bai yi gardama ba. Ya bi hanci, ya bi leɓe, idanu ya bari ƙarshe don hannunsa bai san wani tsarin ba. Abin da Kora ya yi watanni yana sassaƙawa, ko minti goma sha biyar bai kai ba ya zama shafaffen katako fari. Wani ya fara tafi daga baya, a cikin coci fa, wasu marasa kunya suka taya shi. Fada ya sa albarka. Pothen ya ɗauko akwatin da hannu biyu ya miƙa, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Madalla, ƙanena." Skariya ya karɓa bai kalle shi ba.

Ya riƙe akwatin shekara ashirin da biyu bayan nan, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Bai sake zana littafi ba. Chandy ya sa wani ya ci gaba da labarin, wannan ya ba mai fiton jela da wuta a baki, aka buga biyu kasuwa ta mutu. In baƙo ya zo daga birni da tsohon littafi yana neman ya sa masa hannu, Skariya kan sakar masa kare. Da Pothen kuwa magana ba ta sake haɗa su ba, ko a jana'izar Rahel.

Amma ranar saran, aiki bai ƙare da tafi ba, don idi saura kwana uku kuma ba a taɓa mala'ikan ba. Mutane suka watse cin abinci. Skariya ya share ɓarɓashin katakon da kansa, ya jingina tsani, ya hau da buroshi. A saman tsanin fuskar na jiransa, taƙi ɗaya da tasa. Goshin da ya sara ɗazu, hancin, leɓen, duk suna nan lafiya lau, kuma dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fenti. Ya gama goshi. Da ya zo hanci hannun ya tsaya.

Rahel ta shigo da ƙunshin abinci a ganyen ayaba, ta tsaya a ƙasa. "Sauko ka ci, Baban Ammini. Tun jiya ba ka sa komai a cikinka ba."

Ta ga kafaɗunsa na rawa, tsanin ma na rawa. Shekara ashirin da biyar suna tare ba ta taɓa ganin mutumin nan ya yi kuka ba, ko ranar da suka binne ɗansu na fari.

"Ajiye abincin," ya ce. "Zo ki riƙe mini tsanin. Ba na gani sosai."

Ta ajiye, ta kama tsanin da hannu biyu, ta sunkuyar da kai don kada ya san ta gani.